Gishiri a Kwamin Ninƙaya: Aikinsa da Iyakarsa

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon karatu na sauka wurin wani kawuna a Garki, cikin Abuja, inda yake aikin kula da kwamin ninƙaya a wani masaukin baƙi. Ran nan da sassafe na tarar da shi yana farke buhun gishiri yana zazzagawa cikin ruwan, yana bi da dogon buroshi yana motsawa. Na ce, "Kawu, miyar mutum nawa za a kaɗa yau?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan gishirin abincin inji ne. In babu shi, kafin mako ya zagayo ruwan nan ya zama kududdufi."

Bayanin da ya yi mini, da abin da na bi diddigi daga baya, su ne wannan maƙala za ta kawo. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗalibin harshe da kimiyyar sinadarai. Amsa ita ce, Bahaushe ya daɗe da sanin gishiri da kanwa da tsami, kuma kusan duk abin da ke faruwa a cikin kwamin ana iya faɗarsa da waɗannan kalmomi uku. Har ila yau akwai wani kuskure da ya yaɗu a tsakanin masu gina irin wannan kwami da masu shigarsa, wato zaton cewa gishirin ne yake kashe ƙwayoyin cuta. Wannan zato yana iya kai yaro gadon asibiti.

Gishirin nawa ne?

Da an ce kwamin ruwan gishiri sai hankali ya tafi ga teku, alhali tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Hawayen ɗan'adam yana da kusan giram 9 a lita. Shi kuwa kwamin ninƙaya, yawancin injinan da ake sayarwa suna buƙatar tsakanin giram 2.7 da 3.4 ne kawai a lita, an kuma fi son a tsaya wajen 3.2. Ke nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na teku ba, kuma da ƙyar harshe yake jin ɗanɗanonsa. Na'urorin gwaji da miligiram suke ƙirga, saboda haka 3,200 za a gani a rubuce.

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 1.5 a matsakaici. Wannan zai ci ruwa lita 75,000. Idan aka ninka da giram 3.2 za a sami kilo 240, wato kusan buhu goma masu kilo 25, a zubin farko. Idan daga baya gwaji ya nuna 2,600, abin da ya ɓace shi ne miligiram 600 a kowace lita, wanda ya kama kilo 45. Ƙa'idar masu aikin ita ce a zuba ƙasa da abin da lissafi ya bayar, a bar ruwan ya yi ta zagayawa kwana guda, sannan a sake gwadawa. Dalili kuwa kowace mai girki ta san shi: ƙara gishiri a miya abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki. Babu wani sinadari da ake zubawa ya rage gishirin kwami. In ya yi yawa, sai dai a zubar da wani sashe na ruwan a cika da sabo, ga shi kuwa ruwa a Abuja kuɗi ne, musamman ga wanda yake saye a tanka.

Inda gishirin yake tafiya

Gishirin da muke ci haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Kulorin ɗin shi ne sinadarin da hukumomin ruwa suke sa wa ruwan famfo, shi ne kuma ƙarfin ruwan bilic irin su Jik da Hypo. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Wilhelm Scheele ne ya fara ware shi a 1774, sannan Humphry Davy na Ingila ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launin kore da ya yi fatsi-fatsi. Muddin yana ɗaure da sodiyam a cikin gishiri, kulorin lafiyayye ne, ba ya taɓa kowa, har da ƙwayoyin cuta.

Aikin injin shi ne kwance wannan ɗauri. A kan bututun da yake mayar da ruwa cikin kwami, bayan an tace shi, akwai wani ɗan akwati mai jerin faranti na ƙarfen tayiteniyom da aka shafe da wasu ƙarafa masu tsada. Idan ruwan gishiri ya ratsa tsakanin farantan ana sakar musu lantarki mara ƙarfi, sai kulorin ya fito a gefe guda, iskar haidurojin ta fito a ɗaya gefen a matsayin ƙananan kumfa. Nan take kulorin yake narkewa cikin ruwan ya shiga farautar ƙwayoyin cuta da gansakuka. Idan ya gama aiki, mafi yawansa yakan koma yadda yake a cikin gishiri, ya sake zagayowa ta wurin farantan. Shi ya sa ba kullum ake zuba gishiri ba, juya shi ake yi kamar jarin ɗan kasuwa. A Ostareliya aka fara yawaita amfani da wannan fasaha, tun shekarun 1970, kafin ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe.

A nan ne kuskuren da na ambata yake warwarewa. Kwamin gishiri kwamin kulorin ne, bambancin kawai a wurin ake ƙera kulorin ɗin maimakon a sayo shi a durom. Giram uku a lita bai isa ya razana wata ƙwayar cuta ba. Hasali ma ƙwayar da take kawo kwalara, asalin mazauninta shi ne bakin teku inda ruwan kogi yake gauraya da na gishiri, kuma a gaɓar tekun Afirka ta Yamma akwai nau'in sauron zazzaɓi da a ruwa mai gishiri-gishiri yake ƙyanƙyasa. Idan injin ya tsaya, abin da ya rage ruwa ne kwance mai ɗan zartsi.

Tsami da kanwa

Kawu ya ce shi ba gishiri ne yake hana shi barci ba, domin sau ɗaya a wata ma ya isa a gwada shi. Abin da yake dubawa safe da yamma biyu ne: yawan kulorin, da abin da masana suke kira pH.

Ma'aunin pH wani masani ɗan Denmak, Søren Sørensen, ya fito da shi a 1909. Yana tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Abin da ya gaza 7 ya karkata ga tsami, kamar ruwan lemon tsami da yake wajen 2. Abin da ya haura 7 ya karkata ga kanwa, ita kanta jiƙaƙƙiyar kanwa tana kai wa wajen 10. Da ni za a tambaya, da "ma'aunin tsami da kanwa" za mu riƙa kiransa a Hausa, domin mai karin maganar da ya ce kanwa ta kar tsami ƙwannafi ya kwanta ya riga ya faɗi dokar gaba ɗayanta: ɗaya yana kashe ɗaya. Wanda yake son gani da ido ya ɗiga ruwan kanwa a cikin zoɓo, zai ga jan ya rine ya yi duhu. Haka ɗan kwalaben gwajin kwami suke aiki: a ɗebi ruwa, a ɗiga wani jan magani, in ya koma rawaya tsami ya yi yawa, in ya yi ja jawur kanwa ta rinjaya. Abin lura shi ne kowane mataki guda a wannan ma'auni ninki goma ne. Ruwan da yake kan 8 ya fi wanda yake kan 7 kanwa sau goma.

Ana son ruwan kwami ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Dalili na farko shi ne jikin mutum, domin hawaye yana wajen 7.4, idan ruwa ya yi nisa da haka ido da fata su ne za su fara ƙorafi. Dalili na biyu ya fi nauyi. Kulorin da ya narke a ruwa yakan kasu kashi biyu, mai kaifi da dasasshe, kuma mai kaifin ya ninka ɗan'uwansa sau da yawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Ma'aunin tsami da kanwa ne yake raba gadon. A kan 7, kusan kashi uku cikin huɗu mai kaifi ne. A kan 7.5, rabi da rabi. A kan 8, mai kaifin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu cikakke ba. Saboda haka mutum zai iya gwada kulorin ya ga ya kai miligiram 1 zuwa 3 a lita kamar yadda ake so, hankalinsa ya kwanta, alhali yawancin rundunar tasa da sanduna take yaƙi.

Kwamin gishiri kuwa halinsa ne ya riƙa gangarawa wajen kanwa. Aikin farantan yana haifar da wani abu mai kanwa-kanwa, sannan kumfar haidurojin tana korar iskar kabon da take narke a ruwa, wadda ita ce take riƙe da ɗan tsaminsa. Don haka mai kula da kwamin ba ya rabuwa da jarkar asid, yana ɗan ɗigawa lokaci zuwa lokaci. A nan akwai dokoki biyu da ba a wasa da su. Asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa, domin yana iya tafasa ya fallatsa a fuska. Sannan ba a haɗa asid da hodar kulorin ko ruwan bilic, ko da a bokiti ɗaya ne da ba a ɗauraye ba, domin iskar da za ta tashi tana ƙona huhu.

Akwai wani ma'auni na kusa da wannan, wanda yake nuna ƙarfin ruwa na jure canji, ana son sa tsakanin miligiram 80 da 120 a lita. In ya yi ƙasa, ɗigon asid kaɗan ko ruwan sama guda sai ya wujijjiga ma'aunin tsami. Da hodar baikabonet ake ɗaga shi, wadda 'yar'uwar kanwa ce ta jini, don tana cikin abubuwan da suka haɗu suka yi kanwar da muke sa wa wake.

Rana da ruwa a Garki

Hausawa suna cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ban taɓa ganin inda wannan karin magana ta zauna daram kamar a bakin kwamin nan ba, in dai aka sa kulorin a gurbin man kaɗe.

Rana ba ta cin gishiri. Idan ruwa ya ƙafe da rani, tururi ne yake tashi, gishirin yana nan, har ma ya ƙara kauri. Wanda ya ga ruwa ya ja baya a watan Maris ya cika shi, bai kamata ya ƙara gishiri ba. Kulorin ne rana take narkarwa. Hasken rana mai ƙarfi yana iya cinye mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake zuba wani sinadari mai suna asid sayanurik wanda yake zame masa laima. Masu ƙera injinan gishiri sukan ba da shawarar miligiram 60 zuwa 80 a lita. Sai dai laimar in ta yi kauri tana rage wa kulorin sauri, kuma ita ma, kamar gishiri, ba ta fita sai an zubar da ruwa.

Da damina labari yakan juya. Abuja tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Milimita guda a kan murabba'in mita guda lita guda ce. Kwaminmu na misali yana da fili murabba'in mita 50, don haka mamakon dare ɗaya na milimita 50 zai zuba masa lita 2,500, kashi ɗaya cikin talatin na abin da yake ciki. Idan wannan rarar ta malala ko aka zuƙe ta, ta tafi da gishirin da ya kai miligiram 100 daga kowace lita. A tara irin wannan dare tun daga Yuni har Satumba, a haɗa da ruwan da ake zubarwa wajen wanke matatar yashi da wanda yara suke fantsalarwa, za a ga inda buhunan suke shiga. Ba gishiri kaɗai ruwan sama yake tsinkawa ba, har da laimar kulorin da sauran ma'aunai. Idan gishirin ya faɗi ƙasa da abin da injin yake so, sai ya rage aiki ko ya kashe kansa, ya bar wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a ɗakin da ba kowa yake leƙawa ba.

Hunturu ma da nasa. Ƙurar da take sauka tana cin kulorin tana toshe matata. Sannan akwai wani tarko: injin ba ya auna gishiri kai tsaye, yana duba yadda lantarki yake ratsa ruwa ne. Ruwa mai sanyi ba ya ba lantarki hanya kamar mai ɗumi, farantan da suka tsufa ko suka yi datti su ma haka. Sai injin ya ce gishiri ya yi ƙasa alhali yana nan cif. Kawu ya ce wanda ya gada a wurin haka ya yi ta bin umurnin fitila yana zuba buhu bayan buhu, har sai da tsanin ƙarfe ya fara tsatsa, aka zubar da kusan rabin ruwan. Tun daga nan shi ba ya yarda da shaidar inji ita kaɗai, sai ya gwada da takardar gwaji ko wata na'urar hannu.

Sai kuma babbar matsala, wuta. Farantan ba sa yin kulorin sai injin tura ruwa yana aiki, wanda yakan buƙaci sa'o'i takwas ko fiye a rana lokacin zafi. Ba a kuma yarda farantan su ci wuta ruwa yana tsaye ba, saboda haidurojin zai taru a bututu, shi kuwa abu ne mai fashewa. Idan aka ɗauke wuta, mai gida kuma ya ga man janareta ya fi ƙarfin a ƙona shi a kan kwami, to an rufe masana'antar kulorin ke nan, rana kuwa ba ta tafi hutu ba. Ina ganin duk mai shirin sa wannan inji a garuruwanmu, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce ta lantarki, kafin ta gishiri. Kuma dole ya ajiye kulorin na gwangwani don ranar da wuta ta ƙi.

Asalin ruwan da aka cika kwamin da shi ma yana da tasiri. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake zuwa, wadda ake ƙara mata daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna, gidaje da yawa kuma da rijiyar burtsatse suka dogara. Abin da ake nema a nan shi ne kalsiyam, tsakanin miligiram 200 da 400 a lita. In ya yi yawa yakan daskare a kan farantan ya yi farin ɓawo irin na gindin butar shayi. In ya yi kaɗan, ruwan yakan shiga gwaguyar siminti da abin da aka liƙe tayil da shi don ya biya bukatarsa. Ruwan da ya fito daga ƙasa mai duwatsu irin na Abuja galibi kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, ruwan sama kuwa kusan babu. Wani ruwan burtsatsen yana ɗauke da ƙarfe narkakke, wanda da ya haɗu da kulorin sai ya rine kwamin ya yi launin tsatsa.

Wane gishiri?

Ɗalibin Hausa ya san gishiri ba iri ɗaya ba ne. Akwai kantu da beza da ayarin Buzaye yake ɗaukowa daga Bilma da Fachi, akwai manda, akwai gishirin Foga, ga kuma na Keana da Awe nan kusa a Jihar Nasarawa, inda mata suke tace ruwan gishiri su dafa shi. Duk cikinsu babu wanda ya dace da kwami, domin abin da yake ba su ɗanɗano da launi, wato ƙasa da kanwa da sauran ma'adinai, shi ne zai ɓata ruwa ya rufe faranti. Injin yana son gishiri tsantsa, kashi 99 cikin 100 ko fiye. Gishirin girki na kanti ma masu injinan sukan hana, saboda ana gauraya shi da maganin hana dunƙulewa wanda yake iya barin tabo a bango, ga kuma aidin da dokar Nijeriya ta wajabta a sa masa tun farkon shekarun 1990 don yaƙi da maƙoƙo. Farantan suna ɗaukar shekara uku zuwa bakwai in an kula da su, kuma su ne mafi tsada a cikin kayan, daga waje ake shigo da su.

Abin da mai shiga zai duba

Yawancinmu ba za mu mallaki kwami ba, amma muna iya kai ƙanne ko 'ya'ya ranar sallah. Mutane sukan ji warin nan mai hawa kai su ce an zuba magani da kyau. Akasin haka ne. Wannan wari da jan ido suna fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa, ya zama wani abu da ba ya kashe cuta sosai. Kwamin da yake da lafiya warinsa kaɗan ne. Shi ya sa ake cewa a watsa ruwa kafin a shiga, a kuma riƙa fitar da yara suna zagawa.

Ko kulorin mai kaifi yana da wanda ya fi ƙarfinsa. Yawancin ƙwayoyin cuta cikin minti ɗaya ko 'yan mintoci suke mutuwa, amma akwai wata mai kawo gudawa, Kiriftosforidiyam, mai kwanso, wadda take iya wuce mako guda da rai a kwamin da komai nasa yake daidai. Maganinta ɗaya ne, mai gudawa kada ya shiga. Sannan a tsaya a baki a duba wuri mafi zurfi: idan ba a hango tayil ɗin ƙasa tangaran, kada a bar yaro ya sa ƙafa, domin ruwan da ya ɓoye ƙasansa zai ɓoye wanda ya nutse a cikinsa.

Kawu yana da wani littafi mai bangon kwali a ɗakin inji, inda yake rubuta kwanan wata da lambobin safe da na yamma. Ya ce duk baƙon da ya nema zai nuna masa, amma a shekarunsa na aiki waɗanda suka tambaya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na buɗe shafin ranar da zan taho: kulorin 2, tsami da kanwa 7.6, gishiri 3,100. A gefe ya rubuta da jan biro, "Hadari ya haɗo gabas, a duba gobe."